Yadda Ake Rubuta Tallar da Ke Jan Mai Saye Ba Tare da Tsoratarwa Ko Ƙarin Gishiri Ba

Wata jakar baya ce ta gyara mini hannu a wannan sana'a. Lokacin ban daɗe da fara rubuta wa mutane talla ba. Mai kayan ya ce mini yadin jakar ba ya shan ruwa, ni kuwa na zauna na zuba da manyan baƙaƙe cewa ko kogi ka faɗa da ita, ɗigo ɗaya ba zai shiga ba. Jakunkuna suka yi ta tafiya kamar ana rabo. Bayan mako uku wani ɗalibi ya turo hoto: kwamfutarsa a buɗe a kan tebur an kunna mata fanka, littattafansa a shanye kusa da ita duk sun kumbura. Mai kaya bai yi ƙarya ba, yadin bai sha ruwa ba. Ta zif ruwan ya bi. Ni da na rubuta tallar ko sau ɗaya ban taɓa riƙe jakar a hannuna ba.

Daga ranar na samu ma'aunin da nake aiki da shi har yau. Kafin in saki talla sai in tambayi kaina: idan wanda ya saya ya dawo bayan wata guda da kayan a hannunsa, zan iya karanta masa abin da na rubuta, layi bayan layi, ba tare da na sunkuyar da kai ba? Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na cin wannan jarrabawa.

Abin da za ka tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka rubuta kalma ɗaya, haɗa waɗannan:

- Hajar kanta, a hannunka. Idan hidima ce ba kaya ba, ka sa a yi maka ita kamar yadda ake yi wa kowane kwastoma, ko ka zauna ka kalli yadda ake yi wa wani.
- Littafi da biro, ko wurin rubutu a waya. Ni na fi son takarda, domin ina son ganin abin da na soke.
- Maganganun masu saye na gaske: saƙonninsu, tambayoyinsu, ƙorafinsu. Ƙorafin ya fi yabon amfani.
- Duk wata takarda da ke tabbatar da magana: bayanin masana'anta, sakamakon gwaji, sharuɗɗan garanti da na mayar da kaya.
- Mutum ɗaya da bai san komai game da hajar ba, wanda kuma ba ya jin nauyinka.
- Ƙa'idojin wurin da tallar za ta fita. A tallar bincike ta Google, alal misali, kanu ba ya wuce harafi 30, bayani kuma 90.

Sai dare guda tsakanin rubutu da saki. Wannan ma kayan aiki ne.

1. Zauna da hajar har ta gundure ka

A ce fitila ce mai caji da hasken rana aka ba ka ka tallata, da ita za mu yi misali har ƙarshe. Kada ka tsaya a abin da ke jikin kwali. Shanya ta tun safe, kunna ta da magariba, ka duba agogo. Ƙarfe nawa haskenta ya fara dusashewa? Ƙarfe nawa ta mutu? Ranar da aka yi hadari fa? Za a iya karanta ƙananan rubutu da ita daga taku uku? Ɗauke ta da hannu ɗaya, rataye ta, bari ta faɗo daga kan kujera. Rubuta duk abin da ka gani da adadinsa, mai daɗi da marar daɗi, har sai ka tara abu 20 ko fiye. Guda biyar za ka yi amfani da su, amma ba za ka san waɗanne biyar ba ne sai ka tara ashirin ɗin.

A 1958 David Ogilvy, wani shahararren marubucin talla, ya rubuta wa kamfanin motoci na Rolls-Royce tallar da masu wannan sana'a ke ambato har gobe. Kanunta ya ce idan motar tana gudun mil 60 a awa, ƙarar da ta fi kowace tashi a cikinta ita ce ta agogon lantarki. Babu "ƙasaitacciya" a ciki, babu "ba ta da na biyu". Shi da kansa ya ce mako uku ya yi yana karatu a kan motar, kuma a cikin karatun ya tsinci maganar agogon. Irin wannan jimla tono ta ake yi, ba a ƙirƙiro ta a kan kujera.

Idan babu halin samun hajar, nemi mutum biyu da suka yi amfani da ita ka yi musu tambaya dalla-dalla, sannan ka taƙaita tallar ga abin da suka tabbatar. Abin da mai kaya ya faɗa maka da baki kawai, sa masa alamar tambaya har sai ka ga takarda.

2. Saurari masu saye, ka kwafi bakinsu

Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya rubuta da yaren mai kaya. Mai kaya zai ce maka batirin yana da ƙarfi kaza, allon cajin kuma iri kaza ne. Mai saye ba haka yake magana ba. Cewa zai yi, "Tana kaiwa asuba?" Ko, "Wadda na saya bara wata biyu ta yi ta daina ɗaukar caji." Ko, "In ta lalace akwai mai gyara?"

Kira mutum biyar da suka saya ka yi musu tambaya uku. Me ke faruwa a lokacin da ka yanke shawarar neman irin wannan kaya? Me ya kusa hana ka saye? Da ka fara amfani da shi, me ya ba ka mamaki? Ka rubuta amsar yadda ta fito daga bakinsu, kada ka gyara musu. Tambaya ta biyu ita ce ma'adinin, domin abin da ya kusa hana wanda ya saya shi ne ya hana goma da ba su saya ba.

Idan hajar sabuwa ce, ba ta da masu saye tukuna, je ka karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin irinta ta wasu kamfanoni. Inda ake ba kaya maki da taurari, ka bar masu tauraro biyar da masu tauraro ɗaya, na farko sun cika murna, na biyu sun cika fushi. Masu tauraro uku su ne ke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba.

3. Mutum ɗaya, alkawari ɗaya

Zaɓi mutum guda daga cikin waɗanda ka saurara, ka rubuta masa kamar wasiƙa. A ce ɗaliba ce mai karatun dare. Sai ka cike wannan jimla a littafinka: "Idan ta sayi wannan fitila, za ta samu..." Abu ɗaya tak. Sauran amfanin su biyo baya a matsayin 'yan rakiya. Tallar da ta yi wa kowa magana, babu wanda ke jin da shi ake.

4. Tambayi kowace sifa: to, sai me?

Koma kan jerin abu 20 ɗinka. Ga kowanne ka ce, to, sai me? Batirin babba ne. To, sai me? Yana riƙe haske awa takwas. To, sai me? Wadda ta kunna da ƙarfe tara na dare za ta kai biyar na asuba ba ta nemi wani haske ba. Nan za ka tsaya, domin ka iso wurin da mutum zai ga kansa a ciki.

Da Apple ya fito da iPod, 'yar na'urar sauraron waƙoƙi, a 2001, na'urar tana da ma'ajiya mai gigabait 5. Ba wannan aka sa a gaba ba. An ce waƙoƙi 1,000 a aljihunka. Gaskiya ɗaya ce, an dai auna ta da mudun mai saye.

Hattara da wuce gona da iri a nan, domin daga wannan tambaya ake zamewa cikin zuƙi ta malle. Fitila tana ba da haske awa takwas, wannan naka ne ka faɗa. Cewa za ta sa yarinya ta ci jarrabawa ta zama likita, wannan ba a hannun fitila yake ba. Ka tsaya a iyakar abin da hajar ke yi da kanta.

5. Rubuta kanu goma, ka riƙe ɗaya

Na farko da na biyu da za su zo maka, kowa ma su za su zo masa. Daga na shida abin ke fara daɗi. Kanu mai kyau yana ɗauke da alkawarin nan ɗaya da wani abu da za a iya aunawa. Kwatanta waɗannan:

"Garaɓasa! Fitilar da ta girgiza duniya ta iso!"

"Cajin yini ɗaya, hasken karatu na awa takwas."

Na farko za ka iya liƙa shi a kan takalmi ko agogo bai canza ba. Wannan ita ce hanyar gane kanu marar amfani: cire sunan hajarka ka sa na wata, idan maganar ta zauna daram, jefar da ita.

6. Zuba jikin tallar, sannan ka tsince gishirin

Rubuta karon farko a guje, kada ka tsaya gyara. Tsarin da nake bi ba shi da wuya: halin da mai saye ke ciki, abin da hajar ke yi, hujja, iyakarta, sai abin da zai yi idan yana so. Bayan ka gama, ɗauki jan biro ka zagaye duk kalmar da ke yabo ba tare da ta faɗi komai ba: mai inganci, na musamman, na zamani, gangariya, ba kamarsa, ɗari bisa ɗari, cikin ƙiftawar ido. Kowace ka zagaye, ka tambayi kanka me ka gani da ya sa ka faɗe ta. Idan akwai, rubuta abin da ka gani a madadinta. "Mai ƙarko" ta zama "mun sake ta daga kan tebur sau goma, tana nan tana ci". Idan babu, soke ta, kuma kada ka ji zafin sokewar.

Alamar motsin rai ma haka. Guda ɗaya ta isa talla, sau da yawa ma babu ita ya fi. Wanda ke da tabbacin kayansa ba ya ɗaga murya, kuma mai karatu yana jin wannan ko bai san dalili ba.

7. Faɗi matsalar, kada ka hura ta

Nan ne aikin ya fi santsi, don haka zan ɗan daɗe. Ba zan ce maka tsoro ba ya sayar da kaya ba, yana sayarwa. A shekarun 1920 masu Listerine, wani maganin kurkure baki, a Amurka suka ɗauko wata kalmar likitoci ta warin baki, suka cika jaridu da labarin 'yan matan da ƙawayensu ke ta aure su suna zaune, wai saboda warin da ba wanda zai gaya musu. Ciniki ya bunƙasa ƙwarai. Amma dubi abin da aka yi: an dasa wa mutane damuwar da ba za su iya tabbatarwa da kansu ba, sannan aka sayar musu da maganinta. Mai yin haka yana cin kasuwa ne da kwanciyar hankalin mutane, kuma wanda ya saya don firgici, da zarar hankalinsa ya dawo jikinsa yakan ji an yi masa wayo. Irinsa ne ke dawo da kaya, irinsa ne kuma ke hana ɗan'uwansa saye.

Akwai kuma dalilin da ya shafi aikin kansa. Wata mai bincike a Amurka, Kim Witte, ta bayyana a 1992 cewa idan aka tsorata mutum fiye da yadda yake ganin zai iya kare kansa, ba haɗarin yake tunkara ba, tsoron yake kora: ya kau da kai, ya ƙaryata, ya wuce. A waya kuwa wucewa motsin ɗan yatsa ne kawai.

To yaya za ka yi da matsala ta gaske, tunda ba don ita ba da babu mai neman kayan? Ka faɗe ta daidai girmanta, sau ɗaya, da kalmomin da masu saye suka ba ka a mataki na 2, sannan nan take ka nuna mafita. Dubi bambancin:

"Kana so gidanka ya ƙone da 'ya'yanka a ciki? Kyandir ɗaya ya isa ya raba ka da duk abin da ka tara!"

"Idan kina karatu da kyandir, kin san yadda ake yi: ido ɗaya a littafi, ɗaya a kan wutar. Wannan fitila ba ta da harshen wuta, ko barci ya ɗauke ki ba abin da zai kama."

Duka biyun sun taɓo gobara. Na farko ya ɗora wa mutum hoton gawar 'ya'yansa don ya sayar da fitila. Na biyu ya faɗi abin da ta riga ta sani ya ba ta sauƙi. Ma'aunin da nake amfani da shi: idan mutum ya karanta bai saya ba, na bar shi cikin halin da ya fi na da muni? Idan eh, na tsorata shi ke nan, sai in sake rubutawa.

Kunyatarwa ƙanwar tsoratarwa ce, ita ma ka guje ta. "Har yanzu kana fama da tsohon yayi?" zagi ne da aka sa wa alamar tambaya. Facebook ma ba ya yarda da tallar da ke nuna ta san wani abu na sirrin mai karatu, kamar cutar da ke damunsa ko halin aljihunsa, yana iya ƙin sakinta.

8. Faɗi abin da hajar ba ta yi

Mai kaya zai yi maka gardama a nan, ka shirya. Ka gaya masa aibin da ka ɓoye mai saye zai gano shi ranar farko, bambancin kawai shi ne zai gano shi yana fushi. Layi ɗaya ya isa: "Ba ta cajin waya. Ranar da babu rana sosai, haskenta ba ya wuce awa huɗu." Wanda ke neman mai cajin waya ya wuce, ka huta da rigimarsa. Wanda ya tsaya kuma ya yarda da awa takwas ɗin, domin ya ga ba ka jin tsoron faɗin huɗu.

Manya sun yi haka sun ci riba. A 1959 kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach ya sa ƙaramar motar Volkswagen a lungun farin shafi, a ƙasar da ake alfahari da manyan motoci, ya mai da ƙanƙantarta abin talla. A 1962 kamfanin nan dai ya sa Avis, mai ba da hayar motoci, ya fito ya ce shi ne na biyu a bayan Hertz, shi ya sa ya fi ƙoƙari. Sai dai kada ka mai da abin dabara, ka zaɓi aibin da yabo ne a fakaice, irin "laifinta ɗaya, haskenta ya yi yawa". Mutane suna ganewa. Ka faɗi wanda zai iya hana wani saye da gaske.

9. Kawo shaida

Gani ya kori ji. Hoton fitilar a ɗaki mai duhu, wanda ba a ƙara masa haske da kwamfuta ba, ya fi sakin layi uku. Maganar wanda ya saya, da izininsa, yadda ya faɗe ta. Garanti da sharuɗɗansa a fili: wata nawa, me ya ƙunsa, wa ke biyan kuɗin mayarwa.

Kada ka taɓa ƙirƙiro shaidar mai saye, ko da ka tabbata haka zai faɗa. Ban da zubar da mutunci, a wurare da dama laifi ne. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta kafa doka a 2024 da ta haramta sharhin bogi da sayensa. Idan ba ka da shaida ko ɗaya saboda yanzu ka fara, faɗi hakan, ka maye gurbinta da gwajin da ka yi da hannunka da kuma damar mayar da kaya. "Sababbi ne mu, ga abin da muka gwada" magana ce da ake saurara.

10. Gaya masa abin da zai yi, ka bar shi ya yi numfashi

Abu ɗaya za ka nema: ya danna nan, ko ya turo saƙo, ko ya kira. Ka faɗa masa abin da zai biyo baya, yaushe za a ba shi amsa, kwana nawa kaya ke isowa, nawa ne jimlar abin da zai biya har da kuɗin kawowa. Yawancin masu fasawa a ƙofar ƙarshe ba ƙarin zuga suke buƙata ba, wani abu ne ba su gane ba.

Wa'adi kuwa, idan na gaske ne faɗe shi da dalilinsa: rangwamen zai ƙare ranar kaza domin sabon kaya zai zo da wani farashi. Idan guda 12 suka rage, ce 12. Amma agogon nan da ke ƙirga mintoci a shafi, wanda ke komawa farko duk lokacin da aka sake buɗewa, ƙarya ce da aka sa wa lambobi. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan cinikin da bai dace ba ta lissafa irin wannan a cikin abubuwan da aka haramta kai tsaye, wato a ce kaya na ɗan lokaci ne ƙalilan alhali ba haka ba ne, don a sa mutum ya yanke shawara a gaggauce. Ko babu doka a inda kake, ramin ƙarya ƙurarre ne: wanda ya ga "yau ce rana ta ƙarshe" sau uku a wata ɗaya, ranar da ta zama gaskiya ba zai motsa ba.

11. Kwana a kai, karanta da murya, gwada

Washegari karanta tallar da ƙarfi. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda ka ji ba za ka iya faɗa wa mutum haka ido da ido ba, soke. Sannan miƙa wa mutumin nan da bai san hajar ba, ka ba shi daƙiƙa goma, ka karɓe. Tambaye shi me ake sayarwa, wa ake sayar wa, me aka ce ya yi. Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, zai ce ta yi.

Idan ta gajeren saƙon waya za ka tura, ga wani abu da ya taɓa cin mini kuɗi. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa guda, ɓ ko ɗ ko ƙ, sai ya koma 70, saƙonka ɗaya ya zama uku. Ko dai ka taƙaita, ko ka zaɓi kalmomin da ma'anarsu ba ta rikicewa idan an bar lanƙwasar.

In kana da hali, saki kanu biyu ga mutane iri ɗaya a lokaci ɗaya, komai nasu daidai ban da kanun. Abu ɗaya ake canzawa a gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma kada ka yanke hukunci da yawan dannawa kaɗai, tallar da ta fi zuzutawa kusan kullum ita ke cin wannan. Buɗe shafi a littafinka mai gida huɗu: nawa suka danna, nawa suka saya, nawa suka dawo da kaya ko suka yi ƙorafi, nawa suka sake saye. Gida biyu na ƙarshe ba sa cika sai bayan wata guda ko biyu, don haka ka rubuta ranar da za ka koma ka duba su tun yanzu, kafin wani aikin ya ɗauke maka hankali.